Randar Malam Ja'afaru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 20 ga Satumba, 1960, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Malam Ja'afaru, mai gwajin jini a asibiti, a gidansa da ke Wunti.

Malam, bango ɗaya ya raba zaurenka da shagon ɗinkina. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ba ka taɓa hana ni leƙa madubinka mai girmama ƙananan abubuwa ba. Kakan tace farin ƙwai, ka sa gishiri daidai gwargwado, ka rufe a kwalba, har wani sinadari da ke ciki ya daskare, ya fito ƙwayoyi masu kusurwa kamar lu'ulu'u. Da idona na gani: in gishiri ya yi yawa, sai su fito da garaje, barkatai, duk tsaga. Sauyin zafi da sanyi ma ɓata su yake yi, shi ya sa kake rataye kwalbar cikin randa.

Wata rana na lura ƙwayoyin sun fi tsagewa in randar na jikin bangonmu. Na ce ko girgizar keken ɗinkina ce. Ka yi dariya ka ce, "Tela, abincinka ke nan. Ni zan matsa." Ka matsar da randar, ba ka sake ta da maganar ba.

Burinka ka sami ƙwaya ɗaya garau ka nuna wa 'yan makaranta. Kana kwance ka ce mini, "Mansir, kada a motsa randar nan."

Da aka zauna makoki zaure ya cika, duk mai ƙishi sai ya nufe ta da moɗa. Na zauna na tsare ta. Wani dattijo ya ce, "Yaro, ruwa kake hanawa a gidan rasuwa?" Na haɗiye kunya, na sa aka kawo tuluna aka sha. Kekena kuwa na fitar da shi gindin bishiya, a can na ƙarasa ɗinkin bikin 'yancin kai.

Jiya ni da ɗanka Sabitu muka buɗe. Akwai guda kamar ƙwayar gero. Muka sa ta a madubi, muka duba kowace kusurwa, babu tsaga. Ta fito, Malam. Sabitu zai kai ta makarantar.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba mai ɗakinka Saudatu, da Sabitu, da mutanen Wunti haƙurin wannan rashi. Amin.