Fartanyar Mahmudu Mai Nauyi

Shekarar da aka samu mulkin kai Mahmudu ya kafa maƙerarsa a bakin kasuwar Kontagora. Gwani ne, wannan ba gardama. Ranar kasuwa mazan garin Salka sukan ɗaga fartanyarsa su jinjina, su ce a ƙara ƙarfe, a faɗaɗa baki. Shi kuwa ya yi ta ƙarawa.

Damina biyu kacal ciniki ya mutu, fartanyoyi suka taru a lungu suna tsatsa. Mahmudu ya zagi ƙarfe, ya zagi gawayi, bai taɓa zargin kansa ba.

Rannan Salome, matar wani manomin Salka, ta zo ta dire masa fartanyarsa a gabansa. Ta buɗe tafin hannunta, duk ya yi kanta.

"Malam, maigidana ne ya saya, amma ni ke noma da ita. Ciyawa nake cirewa, ba rijiya nake haƙawa ba."

Mahmudu ya koma ƙera marasa nauyi, amma matan Salka tuni sun koma wajen wani maƙeri a Zugurma.

Har ya tsufa yana cizon yatsa yana cewa, "Na tambayi masu ɗagawa, ban tambayi masu sunkuyawa ba."