Kan Mashin ɗin Henry

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Shekari a Hayin Dogo, Samaru, don haka ko ban so ba, shigarsa da fitarsa duk a kan idona suke. Mun daɗe tare. Ni na ɗinka masa kaftanin da ya sa ranar da ya yi ritaya, ni kuma na ɗinka ankon jana'izar matarsa, Martina. Yaran unguwa Baba Shekari suke ce masa. Ni Direba nake kiransa, shi kuma ya ce mini Tela, har na manta rabon da in ji ainihin sunana a bakinsa.

Daga kudancin Kaduna ya zo Samaru yana saurayi, ya samu aikin tuƙa tarakta a gonar gwaji. A kan wannan kujerar ƙarfe ya ƙarar da ƙuruciyarsa, tana jijjiga shi daga huɗa zuwa girbi, kuma da zai bar aikin ta sallame shi da ciwon baya. Mutum ne mai son gaisuwa har ta yi yawa. In ya tsare ka a hanya sai ya tambayi gida, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi akuyar da ka sayar tun bara. In kana sauri ka hango shi, gara ka sake layi.

'Ya'yansa biyu. Lovelyn tana aure a Jos. Sai Henry, auta, wanda tun yana firamare ba abin da ke shiga kansa sai abu mai taya. Da ya fara aiki, ana jiran a ji ya sayi fili, sai ga shi ya shigo unguwa da wani baƙin mashin mai rugugi, irin wanda samari ke cewa fawa-baik. Ba roba ko ɗaya a jikinsa, inji da bututu da wayoyi duk a waje. Henry ya ce haka ake yin irinsa, wai sunansa ma mashin tsirara. Shekari, dattijon ikkilisiya, ya ce kada ya ƙara jin wannan kalmar a gidansa. Amma na sha kama shi yana goge tankin da gefen rigarsa in yaron ba ya nan.

Ba a daɗe da rasuwar Martina ba Henry ya samu aiki a Ingila, na kula da tsofaffi. Wannan abu har yau yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba: yana can yana ɗaga tsofaffin wasu daga gado, nasa tsohon yana nan yana dafa bango kafin ya miƙe. Amma ban ga laifin yaron ba, kowa ya san yadda ƙasar take. Ranar tafiya ya miƙa wa uban makulli ya ce, "Baba, ka riƙa tayar da shi kada batir ya mutu. Kada ka bari kowa ya taɓa mini komai a jikinsa. Ina nan dawowa."

Shekari ya riƙe maganar nan kamar daga bagade aka karanta masa ita.

Gidan ya zama daga shi sai mashin. Da safe zan ji ya tayar da shi, ya bar shi yana gurnani a tsakar gida, shi kuma yana zaune a gefe da kofin shayinsa. Wani lokaci in ji yana magana, in leƙa in ga ba kowa. Daga baya aka gaya masa tayarwa kawai ba ta isa ba, inji yana son tafiya. Shi ke nan, tsohon direban tarakta ya ɗauko hular kwanon ɗansa, ya fara hawa zuwa sujada a Sabon Gari duk Lahadi, a majami'ar da aka ɗaura musu aure da Martina.

To, shi irin wannan mashin ba a zama a kansa, kwanciya ake yi. Kan mashin ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, yana can ƙasa kuma can gaba, daidai tsawon hannun Henry, wanda ya fi ubansa tsawo nesa ba kusa ba. Sai ka ga Shekari ya kife ƙirji a kan tanki, duk nauyinsa a wuyan hannu, wuya a lanƙwashe don ya ga hanya. A haka ba halin ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa mutum, in ba so yake a kwashe shi a kwata ba.

Nan mutanen Samaru suka samu abin faɗa. Wai tun da ɗansa ya tafi Turai, Baba Shekari ya ɗaga kai, yana wuce mutane fuu ba ko sannu. Ɗaga kai! Mutumin da goshinsa ya kusa taɓa tanki. Na yi faɗa da mai shayi a kan wannan, na yi da matar da ke sayar da ƙosai a bakin layi, amma magana ta riga ta zaga. Masu tsayawa ƙofarsa su gaisa suka ragu. Shi bai ma san dalili ba, ya ɗauka kowa harkar gabansa ce ta yi masa yawa.

In ya dawo daga sujada kuwa, sai ya shimfiɗa tabarma a siminti ya kwanta rigingine har la'asar, yana nishi. Lovelyn ta yi waya ta ce a sayar da abin nan kafin ya kashe mata uba. Ya ce ba nasa ba ne balle ya sayar.

Ni na matsa masa muka je wurin Iyke, makanikin manyan mashina da ke bayan PZ, can Sabon Gari. Inyamurai ne iyayensa, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu, kuma tare suke yawon mashin da Henry a da. A baya na hau, a kan wata 'yar kujera da ba ta fi tafin hannu ba. Daga Zango zuwa Kwangila duk addu'ar da na iya sai da na yi ta.

Iyke ya ga yadda Shekari ya sauko a dunƙule, ya girgiza kai. "Baba, mashin ɗin nan ba awonka ba ne. Sai an ɗaga masa kai."

Ya sa Shekari ya koma kan mashin ya zauna, ya ce ya miƙe bayansa yadda ba ya jin ciwo, ya rufe ido, ya miƙa hannuwa inda suka ga damar tsayawa. Hannuwan suka tsaya a iska, sama da kan mashin da kusan faɗin tafin hannu. Ni tela ne, na san awo in na gan shi, kuma na yaba da yaron.

Ya shiga ciki ya fito da wasu guntayen ƙarafa farare, biyu gajeru, biyu dogaye, ya ce sunansu raiza. Ana kwance kan mashin ne a dasa su a ƙarƙashi, a mayar da kan a bisansu, sai ya taso ya matso wajen mai tuƙi.

"Gajeren nan," in ji shi, "kusoshi kawai zan kwance in sa. Ranar da aka ga dama a cire, mashin ya koma yadda yake. Amma ba zai kai inda hannunka ya tsaya ba. Dogon shi ne naka. Sai dai in na sa shi, wayar kuloci da ta totur da tiyon birki duk sun yi kaɗan. Dole in cire na asali in sa dogaye, in zubar da man birki in sake sabo. Ya zama an sauya mashin ɗin ke nan."

Shekari bai ko kalli dogon ba. "Sa gajeren."

"Baba, bayanka fa."

"Mai shi yana dawowa. Sa gajeren."

Na gane abin da yake yi, don a shagona ma ana yi. In aka kawo mini wandon aro ya yi tsawo, naɗe ƙafar nake yi in ɗan kama da zare. Ba a sa wa kayan aro almakashi. Iyke ya ɗaure kusoshinsa, ya juya kan mashin dama da hagu ya tabbatar ba wayar da ta ɗame, muka kamo hanya.

Gajeren ya ɗan taimaka, amma kaɗan. Kirsimeti ta zo ta wuce, Henry ya aiko da hotuna a cikin ƙanƙara, da matar da ya aura a can, Oby, da jaririyar da kakanta bai taɓa ɗauka ba. Wata Kirsimetin ma ta zo. Shekari yana nan yana sauya baƙin mai a kan kari, yana goge sarƙa, yana rufe mashin da tsohon zanen gadon Martina saboda kaji. In na ce, "Direba, yaushe mai mashin zai zo?" sai ya ce, "Sun ce sai takardu sun daidaita."

Wata Lahadi da damina, a hanyar dawowa, hannuwansa suka mutu a daidai Kwangila. Allah ya sa ya iya kaucewa gefe ya tsaya, amma ya kasa sakin kan mashin, ya kasa miƙewa. 'Yan acaɓa ne suka ɓamɓare yatsunsa suka sauko da shi, ɗaya ya kawo shi gida a Keke Napep, wani ya biyo su da mashin. Ranar na yi masa tatas. Na ce in ya mutu a kan titi saboda wayar kuloci, ni ba zan ɗinka ankonsa ba.

Ya juyo ya kalle ni. Can ya ce, "To bari in nemi izinin yaron."

Izini a kan 'yar waya da tiyo! Na buɗe baki zan ƙara wani faɗan, sai na lura da fuskarsa, na gane ba wayar yake son tambaya ba. Abin da ya kasa tambaya tun tafiyar yaron ne, wato ko zai dawo, ya samu hanyar da zai bi da shi. Tsoro ya kama ni a madadinsa.

Da yamma ya kira, ina zaune, don ni ke riƙe masa wayar in ana son ganin fuska. Henry ya fito yana dariya, ya yi ƙiba, jaririyar da ta zama 'yar yarinya tana hawa kafaɗarsa. Aka gaisa, Shekari ya bi kowa da tambaya yadda ya saba. Sannan ya gyara murya, ya yi bayanin raiza dalla-dalla, gajere da dogo, da abin da Iyke ya ce za a cire.

"Wane mashin?" in ji Henry. Sai kuma ya dafe kai. "Kai, Baba! Yana nan har yanzu? Na ɗauka Lovelyn ta sa an sayar tuni. Ai naka ne, Baba, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ni ina zan ƙara hawa mashin? Af, dama ina son in gaya maka, takardunmu sun fito, na zaman dindindin. Har mun fara neman gida."

Da murna yake faɗa, ba da mugunta ba, kuma wannan ne ya fi yi mini zafi.

"Madalla," in ji Shekari. "Mun gode wa Ubangiji. Madalla." Ya sa musu albarka, ya ɗaga wa yarinyar hannu har hoton ya ɗauke. Na ajiye wayar a kan tabarma. Na koma shago na zauna gaban keken ɗinki, ban ɗinka ko layi ɗaya ba.

Da bayan ya ɗan saki, shi da kansa ya leƙo shagona da hular kwano a hannu. "Tela, raka ni PZ."

Da muka isa, Iyke ya kama aiki. Ya kwance gajerun, ya dasa dogayen, ya zare wayar kuloci da ta totur, ya tara gwangwani ya tsiyaye man birki. Shekari yana kan benci yana bin hannunsa da ido, kamar mai jinya a bakin gado. Da aka sa sabon tiyo, Iyke ya yi ta matsa birki yana fitar da iska har ya kama, ya juya kan dama da hagu. Sannan ya naɗe tsofaffin wayoyin da tiyon ya zuba a leda.

"Baba, ga na Henry. A ajiye masa."

Shekari ya kalli ledar, bai miƙa hannu ba. "Bar su a nan, ɗana. Wani zai buƙata."

Ya ɗaga ƙafa ya hau. Ya zauna sosai, bayansa a miƙe, hannuwansa suka sauka a kan ƙarfen ba tare da ya neme shi ba.

"Yaya ka ji shi, Baba?" in ji Iyke.

"Ya yi daidai," ya ce. "Ba inda ke mini ciwo. Daidai ni."

Ban taɓa jin an faɗi labari mai daɗi da murya irin wannan ba, kuma tausayinsa ya cika mini ciki har na kau da kai. Ya daɗe a zaune bai murɗa makulli ba. Can ya sa hular, ya sauke gilashinta ya rufe fuska tun ba mu motsa ba.

"Hau mu je gida, Tela."