Haƙora Biyu Suka Kai Ni Ɗakin Tiyata

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun bayan sallah, ga ni. Jinya na yi, kuma har yau raina a ɓace yake.

Ɗana Sadiq ne ya fara haƙori, guda biyu a ƙasa. Da ya ƙoshi sai ya datse min kan nono ya ja, ya dube ni yana dariya. Tun ina cije baki har wurin ya tsage, ya fara jini.

Na faɗa wa Gwaggo Hajara, yayar mahaifina da muke gida ɗaya a Ƙofar Sauri. Ta ce ita tara ta shayar, ba wanda ya taɓa jin kukanta. Maƙwabciyarmu ta ce in ɗalle masa baki. Wata ta ce nonon ne ya lalace shi ya sa yaron ke faɗa da shi, in daina ba shi na dama.

Kowa likita ne a jikin da ba nasa ba.

Na daina ba shi. Nonon ya cika, ya yi tauri, ya yi ja, ko riga ta goge shi sai na yi ƙara. Zazzaɓi ya rufe ni, ina kyarma cikin bargo da rana tsaka. Mai kemis ya miƙo min maganin maleriya, ko tambaya bai yi ba.

Ranar da Baban Sadiq ya dawo daga ƙauyen da yake koyarwa, ya tarar ba na iya ɗaga hannu. Bai tsaya jin ta bakin kowa ba, ya taro Napep. Lokacin kamfe ne, ayarin 'yan siyasa ya toshe Ƙofar Kaura, ana kiɗa ana watsa huluna, ni kuwa ina jin kamar ana soya ni.

A asibiti aka yanki kati, aka ɗibi jini, aka tura ni hoto. Ina kan benci abu ɗaya nake tunani: ciwon daji. Har na hango Sadiq goye a bayan wata mace.

Likitar, mace ce, ta ce ba daji ba ne. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta tsagar, nonon da na bari ya kwanta kuma ya zama mugunya.

"Hajiya, wa ya ce ki daina ba shi?"

Ta ƙara da cewa:

"Da kin zo tun wurin yana ja, magani kawai za ki sha."

Wannan maganar ce ke cina.

Aka tsaga, aka matse. Kullum da safe wankin ciwo, kuma ba zan yi wa maƙiyina fatan wannan azabar ba. Albashin Baban Sadiq ya ƙare a allura da bandeji. Gwaggo ta zo da kunun kanwa, ta ga ramin, ta yi hawaye, sannan ta ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma Allah bai ce mace ta ruɓe a ɗaki don a kira ta mai haƙuri ba.

Alhamdulillah, ciwo ya rufe, tabo ya rage. Sadiq yana shan duka biyun. Na gode wa Allah, da likitar, da Sista Rahila mai wankin ciwo da take riƙe min hannu in na fara kuka, da mijina, da ku masu addu'a.

'Yar'uwa, in yaronki ya cije ki, kada ki fizge, kada ki buge shi. Sa ɗan yatsanki ta gefen bakinsa ya saki, ki ce masa a'a, ki ajiye shi. In kin ga ya ƙoshi ya fara wasa, cire shi kafin ya datse. Ba shi tsumma mai tsabta mai sanyi ya ciza. Kada ki bar nono ya kwanta, ko da tatsa ce ki tatse.

In kuwa kin ga ja, ko kumburi, ko zazzaɓi, ɗauki mayafinki ki tafi asibiti a ranar. Masu cewa ki daure ba za su hau gadon tiyatar tare da ke ba.