Jan Biron Akawu

Karatuna ya tsaya a aji bakwai na firamare, a garinmu can kudancin Barno. Daga nan ƙanen mahaifina ya koya mini buga tafireta, da ita kuma na ci abinci shekara talatin da 'yan kai a ofishin wata sakandare a Maiduguri. Ni ke buga tambayoyin jarrabawa. Ni ke buga takardar amsa, wadda malamai ke dubawa in za su ba da maki. Ina buga lissafi ba kuskuren lamba ɗaya, amma da za a tare ni a ce in bayyana layi guda, da sai dai in kalli ƙasa. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. A gidan hayarmu na Jiddari Polo Malam ake ce mini, ina kuwa amsawa.

'Yata ta biyu a wancan lokacin tana aji uku a makarantar da nake aiki, shekararta goma sha huɗu. A ƙarshen shekarar akwai jarrabawar da ake raba yara da ita: wanda ya yi kyau a lissafi ya shiga ajin kimiyya, sauran su tafi inda aka tura su. Ita aikin jinya take so, ni likita nake so ta zama. Ko wanne ne, sai ta ajin kimiyya. Yarinyar ba ta taɓa yin ƙasa da ta biyar a ajinsu ba, amma ni ta biyar ba ta ishe ni ba.

Sai na fara kwaso tsofaffin tambayoyi daga kabad ɗin ofis, tare da takardun amsarsu. Kullum bayan addu'ar safe zan fito da tebur ƙofar ɗaki, in sauke agogon bango in jingina shi a gabanta. Tambaya goma, minti ashirin. Uwarta za ta kawo kunu da ƙosai, in sa a ajiye a gefen tebur a rufe. Ta ci tambaya bakwai, ta karya kumallo. Ba ta ci ba, ta tafi makaranta haka. Na sayi jan biro irin na malamai, ina yawo da shi a aljihun gaba don a gani.

Yadda nake ba da maki shi ne in ɗora takardarta kusa da tawa. Abin da ya yi kama, daidai ne. Abin da bai yi kama ba, in ja masa jan layi.

Wata safiya takardata ta nuna rabi, ɗaya bisa biyu. Ita ta rubuta sifili da ɗigo biyar. Na soke.

Ta ce, “Baba, ai duk ɗaya ne.”

“Me ye ɗaya?”

“Rabi ne shi ma. Malaminmu ya ce ko wanne muka rubuta ya yi.”

A lokacin matan gidan suna layin famfo, su biyar ko shida, kunnuwansu duk suna wajenmu. Ban san ko gaskiya ta faɗa ba. Abin da na sani shi ne in na yarda, to ta san abin da ban sani ba, a gaban mutane. Na ɗaga takardar sama na ce, “Ku zo ku ga likita! Ga wadda za ta yi muku allura. An ce rabi, ta kawo biyar. Wannan in aka ce ta ba mara lafiya rabin ƙwaya, biyar za ta ɗura masa, sai gawa.” Wasu suka yi dariya. Ni ma na yi, har da buga tebur.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Babarbariya mai haɗa turaren wuta, ba ta yi dariya ba. Ta ajiye bokitinta ta ce, “Wushe, sannu Malam. Kullum kotu? Alƙali ma yana hutun Juma'a. Bar yarinya ta sha kununta.”

Na ce, “Hajiya, ke da turare, mu da boko.”

Ta ce, “To, Allah ya ba boko lafiya.”

Daga ranar na mai da karanta kurakurenta a bainar jama'a al'ada. Yaran gidan suka sa mata suna Likita Biyar. Na ji su, ban hana ba. Na cire ta daga ƙungiyar mawaƙan coci, na ce waƙa ba ta cin jarrabawa. Na hana ta zuwa wajen ƙanwar uwarta a unguwar Limanti ranar Asabar. Ta fara amai da safe tun kafin in sauke agogo. Ta cinye farcenta har nama. Uwarta ta ce, “Baban yara, cikin yarinyar nan ba lafiya.” Na ce ciwon lalaci ne, maganinsa tambaya goma sha biyar. Na kuwa ƙara.

Wani abu da na lura da shi, na kuma ji daɗinsa a lokacin: ta daina gardama. In na soke, sai ta ce, “To, Baba.” Tana rubutu tana satar kallon fuskata, in na motsa gira sai ta goge.

Aka yi jarrabawa. Ta faɗi lissafi, faɗuwa ba ta kusa ba.

Malamin lissafinsu, saurayi ne da bai fi sa'an ɗana na fari ba, ya same ni a ofis. Shi ya tsare ɗakin da ta zauna. Ya ce, “Baba akawu, na tsaya a bayanta. Sai ta rubuta amsa daidai, ta dube ta, ta soke. Ta sake wata, ta soke. Har takardar ta huje. Lokaci ya ƙare tana tambaya ta huɗu. Me ke faruwa a gida?”

Na ce a gida ai ƙoƙari muke. Washegari na kawo masa damin takardun safiya, na wata bakwai, ɗaure da igiya, don ya ga irin wahalar da na sha. Ya zauna yana buɗewa. Ya wuce takarda goma, ya wuce ashirin. Can ya fara nuna mini da yatsa. “Wannan daidai ne. Wannan ma, ta bi wata hanyar ce. Wannan ta fi takardar amsar gajarta hanya. Wannan kuma takardar taku ce ta yi kuskure.” Ya ɗago ya ce, “Baba, mafi yawan abin da ka soke, yarinyar ta ci.”

Ya ce abin yana gyaruwa. A bar ta ta maimaita ajin shekara ɗaya. A daina jarrabawar safe, ta ci abinci, ta yi barci, ta koma waƙarta. Shi zai riƙa zama da ita bayan tashi. Amma kafin komai, in gaya mata da bakina cewa amsoshinta daidai ne, domin daga bakina ta ji akasin haka.

Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Na ɗaure damina. A hanya na tsaya wajen mai shayi na ba shi takardun ya riƙa naɗe burodi. Da na isa gida tana wanke-wanke a tsakar gida, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Malaminku ya ce ba ki da kan lissafi. Wata bakwai ina zuba ruwa a kwando.” Maimaita aji kuwa na ce ba a gidana ba. A raina na san in ta maimaita, za ta zauna da malamin nan, wata rana zai faɗa mata.

Ta shiga ajin da aka tura ta, ta gama ba yabo ba fallasa, ta koyi ɗinki. Yanzu tana da shago a Galtimari, da miji da 'ya'ya biyu. Tana aiko mini da abinci ranar Lahadi, tana gaishe ni da ladabi.

Bara, bayan rasuwar uwarta, na hau keke napep na je shagon. Na same ta tana auna atamfa. Ta auna, ta sa alli, ta sake aunawa, ta goge allin, ta sake. Sau huɗu na ƙirga kafin ta ɗauki almakashi. Na zauna a benci na gaya mata komai: malamin, damin, mai shayi, da abin da na ce malamin ya faɗa alhali bai faɗa ba.

Ba ta ajiye almakashin ba. Ta ce, “Da farko na san daidai nake, Baba. Daga baya ne na daina sani.”

Na ce ta yafe mini. Na ce har yanzu akwai makarantar jinya da ke ɗaukar manya, in tana so zan bi mata hanya.

Ta ce, “Na yafe. Amma ni in na ga takardar tambaya, ko ta yarana ce, kau da kai nake yi. Babansu ke duba musu.” Ta shimfiɗa yadin a tebur ta ce, “Ka ɗan matsa, Baba, kana tare mini haske.”

Na matsa.