Azumin Kakata da Cikin Umma

Duk sanda warin jima ya bugi hancina sai in tuna gidan kakannina, can bayan kamfanonin fata na Challawa. Baƙo ya toshe hanci, mu kuwa a cikin warin muke cin tuwonmu. Ina 'yar shekara tara a lokacin, ni kaɗai ce a wajen Umma, tun daga kaina ba ta sake ko ɓatan wata ba.

Abin da ya hana kakata sukuni ke nan. Umma ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunanta, ba ta zaman hira da ita, amma ta yi bakancen azumin Litinin da Alhamis har sai Allah Ya ba "yarinyar nan" wani rabon. Ga tsufa, ga ciwon suga, ga yanar ido ta rufe mata gani. Har yanke jiki ta taɓa yi ta faɗi a bakin murhu. Kakana, wanda ya yi gadi a masaƙa har ƙafa ta gaza, ya yi faɗan ya yi lallashin, ta ce da Allah ta yi alkawari ba da shi ba.

Da damina ta faɗi sai ga ciki ya samu. A bakin Umma da maƙwabciyarmu na tsinci zancen, suna ƙus-ƙus. To ka san mutanenmu, ciki ba a faɗarsa, ganinsa ake yi. Wadda ba ta gani fa? Kakana ba ya ganin Umma sai da hijabi, babana kuwa suruki ne, daga gaisuwa sai ya wuce aikinsa. Da na ce wa Umma ta faɗa, sai ta ce in kiyayi bakina. Abin ya ƙona min rai ƙwarai, tsohuwa tana ta ramewa a kan abin da Allah Ya riga Ya bayar.

Ni dai jika ce, babu kunya tsakanina da su. Na sami kakata a kan tabarma, leɓe ya bushe, na ce, "Tsohuwa, ki sha ruwa, Umma ciki gare ta."

Ta yi dariya ta ce, "Ja'ira. Jiya ma kin ce an ɗauke ni aiki a kamfanin biskit."

Na rantse, na yi kuka, duk a banza. Maganar jika ai wasa ce.

Ranar Litinin Umma ta kawo mata kunun buɗa-baki, ta durƙusa can nesa tana gaishe su. Ban shawarci kowa ba, na kamo hannun kakata na ja. Umma ta harare ni, na ƙi saki. Da ta ga dama da ta tashi. Sai ta juyar da fuska bango, ta matso a kan gwiwoyinta, har hannun ya sauka inda nake so.

Hannun ya daɗe a wurin. Kakana ya yi gyaran murya, ya ɗauki butarsa ya fice tun ba a kira salla ba. Can kakata ta goge ido da bakin zani, ta ce da ni, "Ki ce wa uwarki ta bar ɗaukar jarkar ruwa."

Ta ƙarasa azumin ranar, na godiya. Da safiyar Alhamis ta aike ni sayen koko da ƙosai. Allah kuma Ya ja kwananta har ta riƙe ƙanina, ta shafa fuskarsa ta ce hancin kakana ne.

Yanzu yara hoton asibiti suke turo wa iyayensu ta waya tun cikin bai fito ba, ban kuma ga laifinsu ba. Amma duk tsiwata, da nawa ya zo ban iya buɗe baki na faɗa wa Umma ba. Allah Ya taimake ni, ita idonta garau.