Allon da Sakinatu ta bari a caji

Ranar Asabar ce, sha bakwai ga Maris, 2007. Ƙarfe shida Sakinatu ta dafa mana shayi. Ƙarfe bakwai ta zauna gaban kwamfutar gidanmu a unguwar Boutalbagar, ta saka faifan sabon sistem da abokiyar aikinta ta ara mata. Ƙarfe goma aka gama, komai na ciki ya goge, dama ta san haka za a yi. Sha ɗaya ta jona allonta, ƙaramar na'urarta ta hannu, da igiyar waya, kwamfutar ta ƙi gane shi. Ta canja rami, ta kashe ta kunna, shiru.

"Abba, kada ka taɓa shi," in ji ta. "Zan je unguwar Moursal wajen Mudi in karɓo faifan da zai haɗa su."

Na ce, "Ni da ko rediyo sai kin murɗa mini?"

Ta yi dariya ta fita. Ƙarfe ɗaya da rabi wata motar kaya ta buge babur ɗin hayar da ta hau. Shekararta ashirin da shida.

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" kawai nake cewa. Sakatariya ce a wani ofishin sufuri. Ba ta da yawan magana, amma ba ta barin abu ya ɓace; ko takardar magani ta gani sai ta adana. Abin da muke kira allo ƙaramar kwamfutar hannu ce, kamar tafin hannu, ana rubutu a kanta da tsinken roba. Shekara biyu tana zama da mahaifiyata Delu, tana rubuta a cikinsa sunayen kakanninmu da suka taso daga Kano a ƙafa za su Makka, tafiyar ta tsaya musu a nan. Suna ɗari biyu da goma sha huɗu, da wanda ya haifi wa, da inda aka binne kowa. Akwai kuma muryoyi goma sha ɗaya, tana tambaya, tsohuwar tana amsawa. Delu ta rasu a 2006. Kwafin da ke kwamfuta ya tafi da tsohon sistem.

Kwana uku muna karɓar gaisuwar rasuwar 'yata, ban tuna da allon ba. Rana ta huɗu na ga jar fitila tana ƙiftawa a kansa, a inda ta bar shi a caji. Babu wuta tun jiya. Sai maganarta ta faɗo mini: irin wannan, in batirinsa ya mutu murus, abin da ke ciki ya tafi. Na ɗauki allon da kwamfutar, na tari mota zuwa Moursal, ina leƙa fitilar a kowace kwana.

Mudi dattijo ne mai gyaran na'urori, yana da janareta. Ya fara jona caji kafin ya yi mini gaisuwa.

"Malam Ilyasu, faifan nan tun Asabar yake jiranta," ya ce.

Ya saka shi. Aka canja waya sau biyu. Can kwamfutar ta nemi sunan mai allon.

"Wane suna ta sa?"

Na kau da kai. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, na'ura ba ta san alkunya ba."

Na faɗi sunan. Shi ne karo na farko da ya fito daga bakina.

Sai wani rubutu ya fito da Faransanci, yana tambaya ko a maido da bayanai. Na karanta Faransanci har jami'a, na ga kalmar da nake nema, na kai hannu. Mudi ya cafke wuyan hannuna da ƙarfi.

"A maido daga ina? Kwamfutar nan fanko ce. Ka danna, ta zuba fankon a cikin allon."

Na zauna a kan benci. Ya gwada hanyar kwashewa daga allon zuwa kwamfuta, sau biyar haɗin yana yankewa a tsakiya. Ya taɓa bayan allon, ya ce batirin ya kumbura, ba zai yi mini alkawarin mako guda ba.

"Kana da biro?" ya ce.

Kwana huɗu ina zuwa shagonsa da littafi. Na kwafe sunayen duka, na bi su sau biyu. Muryoyin kuma muka kara rikoda a bakin allon muka ɗauka a kaset, da ƙarar janareta a ciki. Duk lokacin da injin ya yi tari sai in leƙa allon. Mun ɗauki tara. Muna cikin ta goma man janareta ya ƙare, allon ya yi baƙi. Da aka tayar, ya kunnu yana tambayar kwanan wata, kamar sabo.

Bayan addu'ar arba'in aka raba kayanta. Tufafinta aka yi sadaka da su. Tulun ƙauyen Gaoui da take shan ruwa a ciki yana ɗakin mahaifiyarta. Kwamfutar na ba ƙanenta Lukumanu. Littafin na yi masa kwafi shida, kowane gida na danginmu ɗaya. Kaset ɗin yana wurina. Allon na bar wa Mudi, ya ce tsinken zai yi wa wani amfani.