Sai Ka Yi Wanka Tukuna

Duk layin an san Mai Keke da abu biyu: ɗinkinta ba ya warwarewa, kuma ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko tana ɗinki ƙafarta rawa take yi, alhali keken na wuta ne, babu abin da yake nema a wajen ƙafa. Tagar shagonta tana kallon tashar lantarki ta nukiliya da ke ƙarshen gari, mai manyan hasumiyoyi masu fitar da farin tururi. Can mijinta yake aikin walda da gyaran bututu tun suna ango da amarya. Sai ta ja layi ɗaya na ɗinki, ta ɗaga kai ta duba tururin, ta ciji zare, ta sake dubawa.

Kada wani ya ce ba ta ci moriyar tashar ba. A garin da ta taso janareta ne ke ba su wuta, hayaƙinsa ya bar mata tarin da har ta yi aure bai sake ta ba. Da ta zo nan, wuta ko ƙiftawa ba ta yi, iska kuma wasai. Tarin ya tafi bai yi sallama ba. Ta sayi keken wuta da dutsen guga, ta daina ba masu kaya haƙuri. Ita da bakinta take yabon wutar a gaban masu kawo ɗinki, sannan ta rage murya ta ce, "Amma shi hayaƙi ana ganinsa a kauce. Wannan da ba a gani fa?"

Tsoronta guda ne, kuma bai taɓa barinta ta huta ba: kada maigidan ya kwaso gubar tashar da ba a gani a fatarsa ko a rigarsa ya shafa wa 'yarsu. Sun daɗe kafin su same ta, ba su kuma ƙara ba, shi ya sa ake kiranta Tilo. Tun ranar da aka haife ta Mai Keke ta kafa doka. In ya dawo daga aiki, takalmi a waje. Ya zarce gindin famfo, inda bahonsa da sabulunsa suke daban, tawul ɗinsa ma ƙusarsa daban.

Ya yi bayani har bakinsa ya gaji. Kayan aiki a can suke barinsu. Akwai ɗan ma'auni da ake maƙala wa kowa a ƙirji, akwai kuma injin da ke duba mutum daga kai har ƙafa a bakin fita, ko ƙwayar ƙura ya ji sai ya yi kuka.

"Likita," haka yake tsokanarta, "inji ya ce ƙalau nake."

"Injin ya taɓa naƙuda? Malam, wuce ka yi wanka."

Mutum ne mai sanyin hali, sai ya yi dariya ya wuce.

Da Tilo ta fara tafiya, tana jin ƙarar babur ɗin uban sai ta sheƙa da gudu ta nufi ƙofa, uwar ta cafko ta ta bayan riga. Kafin ya gama wanka yarinya ta yi kuka ta gaji, ta koma wasanta. In ya fito ya miƙo hannu, a ce ya bari jikinsa ya sha iska tukuna. In iskar ta gama shiga, abinci ya sauka. A hankali Tilo ta daina gudun. Ta koyi durƙusawa daga nesa ta ce, "Baba, sannu da zuwa," maƙwabta kuwa suka yi ta yabon ladabinta.

Duk ranar da tashar ta gwada jiniya, kowa a layin ya ci gaba da harkarsa ban da Mai Keke. Ta kashe keke, ta ɗaure kaya a zane, ta leƙa titi, ta dawo ta kwance. Da maigidan ya shigo sai ta tare shi da tambayar da ta fi ƙona mata rai.

"Sharar da kuke rufewa a cikin siminti, kai ka ce min sai ta yi dubban shekaru ba ta huce ba. Wa zai yi gadinta in kun mutu?"

A nan kam ba ta yi ƙarya ba, shi ma ya sani. Sai ya sosa ƙeya ya ce masana suna kan aikin. Amsar ta fi shiru ba ta haushi.

Haka shekaru suka shuɗe, babu abin da ya faru. Maigidan ya yi ritaya, likitocin tashar suka duba shi ciki da waje, gwiwa kaɗai suka samu tana ciwo. Tilo ta yi aure, ta haifi namiji, wata la'asar ta kawo shi gida.

Ɗaki ya cika da maƙwabta, jariri yana yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Mai Keke tana shiga tana fita, ta gyara labule, ta kawo ruwa, ta mayar. A wata fitowar ce ta hangi mijinta tsaye a bakin ƙofa, ya leƙo da kai yana murmushi, hannayensa duka biyu a bayansa. Rabonsa da tashar an daɗe. Babu wanda ya hana shi shigowa. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa.

Ta karɓi yaron daga hannun Tilo ta nufe shi.

"Malam, ga wanda zai ƙwace ni daga hannunka. Karɓe shi ku daidaita."

Mata suka yi dariya. Shi kuwa ya ja da baya kaɗan.

"Ina ganinsa daga nan. Tubarkalla."

"Haba, karɓi mana. Ai ka yi wanka."

"Baba, ɗauke shi," in ji Tilo a hankali.

Ya dubi yaron ya daɗe, sannan ya dubi matarsa. Babu fushi a muryarsa, kuma bai kira ta Likita ba.

"Inji ya ce ƙalau, likitoci sun ce ƙalau, amma ni ma ban taɓa ganin abin da idona ba. Shekara da shekaru kina faɗa. In ke ce da gaskiya fa?"

Mai Keke ta buɗe baki za ta ce masa babu komai, ƙarya take yi, tsoro ne kawai irin nata. Maganar ta ƙi fita, don har a lokacin ita ma ba ta sani ba. Ta tsaya da jaririn a miƙe tsakaninsu har sai da Tilo ta taso ta karɓi ɗanta.